Motata tana misin sai ta ga dama, a gaban bakanike kuwa lafiyarta ƙalau

Mai Jar Z: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara fin ƙarfina. Nissan 350Z ce 'yar 2005, injin V6 mai lita 3.5, giyar hannu. Wata biyu ke nan tana min wani abu. Da safe in na tashe ta sumul take, ko a sulo ba ka jin komai. Sai na yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin, musamman in na sha gosulo da rana, to da na samu hanya na taka totur a giya ta biyar ko ta shida sai ta riƙa fizga kamar mai shaƙuwa. Daƙiƙa uku ko huɗu ta saki. Wani lokaci wutar cek ta yi ta ƙiftawa sannan ta ɗauke. Jiya tsakanin Unguwa Uku da Na'ibawa sau uku ta yi. Amma sau biyu ina kai ta gareji, bakanike ya zagaya da ita har Hotoro ya dawo, ko tari ba ta yi ba. Har ya fara kallona kamar ni ne mai misin ɗin. An canja filogi shida, an canja famfon mai, an wanke nozul, an zuba maganin wanke tanki kwalba biyu. Kuɗi sun tafi, ciwo yana nan.

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ƙanina, maganin wannan ciwon guda ɗaya ne: ka sayar ka sayi Corolla. Motar da ba ta ɗaukar mutum uku, ga ta a ƙasa kamar tabarma, kowane tudun rage gudu sai ta gaisa da shi, me za ka yi da ita a Kano?

Mai Jar Z: Baban Walid ka yi min rai, yau ba ranar wannan wa'azin ba ce.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Koyil ne, mai ba filogi wuta. Ka sayi shida ka huta. Akwai 'yan Beljiyam masu kyau, ka turo yaro gobe.

Baban Walid: Ban da wasa, ni mai nake zargi. Kun manta Fabrairun 2022 da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci suka yi ta kwanciya a ƙasar nan? Kuma ku samari in dare ya yi a wajen 'yan bumburutu kuke sha. Ka canja gidan mai na sati biyu ka gani.

Mai Jar Z: Na riga na gwada, Alhaji. Ful tanki uku a gidajen mai uku daban-daban, babu abin da ya sauya. Kuma ban taɓa ba ta man galan ba.

Injiniya Hotoro: Kafin kowa ya sake sa ka kashe ko sisi, amsa min waɗannan. An taɓa saka mata kwamfuta? Wace lamba ta fito? In ta fara fizgar, ka sauko giya ta uku injin ya ɗaga murya, tana ci gaba ko tana dainawa? Tana mutuwa gaba ɗaya? In ta yi zafi ka kashe, tana wahalar tashi?

Mai Jar Z: Yallaɓai, an saka kwamfuta sau ɗaya aka ce babu komai. Amma yanzu da ka tambaya na tuna kafin nan yaron garejin ya cire kan batir, wai don wutar ta goge. In na sauko giya tana dainawa nan take, har in na ja ta sosai ma ba ta yi. Ba ta taɓa mutuwa ba, kuma kik ɗaya take tashi.

Injiniya Hotoro: To yaron nan ya share muku shaidar da kuke nema da hannunsa. Cire kan batir yana goge abin da birin bokis, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya adana, sai ku zo kuna tambayar wanda aka wanke wa ƙwaƙwalwa.

Bari in ɗan tsawaita, domin amsarka ta riga ta rage mana hanya. Kowace silinda abu uku take so: wuta a kan lokaci, mai da iska daidai gwargwado, sai matsi. Kowanne in ya samu matsala yana da lokacin da yake nuna kansa. Matsalar matsi, irin bawul da ya ƙone ko ringi da ya cinye, ba ta cika zuwa ta tafi ba, kuma a sulo za ka fi jin ta. Iskar da ke satar shiga ta tsagaggen tiyo ita ma a sulo take damu, da ka taka sai ta ɓace. Famfon mai mai rauni kuwa sai injin yana juyi da sauri yana neman mai da yawa yake gazawa, kuma dukkan silindojin yake ƙuntata wa, ba ɗaya ba. Kai kuma ka ce in ka ja ta sosai lafiya lau. Ashe famfon da aka cire maka mai yiwuwa bai yi laifin komai ba.

Abin da ya rage shi ne wuta. Lokacin da kake babbar giya, injin yana juyi a hankali, ka buɗe totur, silinda tana cika da iska fal, matsin ciki ya yi yawa. Yawan matsi yana sa tartsatsi ya sha wahalar tsallake bakin filogi, sai koyil ya ƙara ƙarfin wuta. In akwai wata hanya mafi sauƙi, kamar tsagar roba ko danshi, wutar can za ta bi ta sauka a jikin injin, silindar ta tashi a tutar babu. Zafi kuma yana buɗa tsaga, yana raunana koyil da ya tsufa. Shi ya sa da safe ba ka jin komai, shi ya sa kuma bakanikenka bai ji ba: na tabbata a ƙananan giyoyi ya riƙa fafarar ta don ya ji daɗin ƙarar.

Mai Jar Z: Wallahi kamar kana wajen. Har da bidiyo ya ɗauka.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ai abin da na faɗa ke nan tun farko. Koyil.

Injiniya Hotoro: Ka ce shida, Alhaji. Ni ban ce ko ɗaya ba tukuna.

Oga Rewaya: Injiniya, ban ƙi taka ba, amma kar a manta halin injin nan. Shekara da shekaru ina taɓa irinsa, VQ35 ake ce masa, a Murano, a Pathfinder, a Infiniti. Sensar kamshaf da ta kiranshaf ɗinsu, masu gaya wa birin bokis inda juyin injin yake, zafi yana kashe su, su ma kuma sai mota ta gasu suke fara hauka, ta huce su dawo daidai. Ga rana irin ta watan Afrilu a garin nan, awo 40 ko fiye. Sannan a duba wayar as ɗin injin, wadda ke haɗa shi da jikin mota, da soket ɗin kowane koyil. Robar soket ɗin nan in ta shekara ashirin ƙamewa take, ƙugiyarta ta karye, girgiza kaɗan ta saki.

Injiniya Hotoro: Maganar soket da as gaskiya ce, Oga, a duba su. Ta sensa ce nake ja da ita. Sensar kamshaf in ta fara tafiya yawanci mota takan mutu a tsaye ko ta yi ta kik kafin ta tashi, kuma takan bar P0340 ko P0345. Ba ruwanta da wace giya kake. Tasa ba ta mutuwa, kuma sauke giya yana warkar da ita.

Oga Rewaya: Yawanci ka ce. Na ga wadda ba ta bar lamba ko ɗaya ba sai da muka canja ta mota ta daidaita. Ku 'yan kwamfuta in allo bai rubuta ba shi ke nan babu ciwo.

Injiniya Hotoro: Ni ma na gani, ranka ya daɗe. Amma gwajin da ba ya cin kuɗi ake farawa da shi.

Maman Ilham: Ku gafarce ni in sa baki. Malam mai mota, kana bari a wanke maka injin da tiyo mai ƙarfi a wajen wanki? Tawa Honda ce ba ta tsere ba, amma ta taɓa min irin wannan kwana biyu bayan an wanke injin. Ruwa ne ya kwanta a ramin filogi. Sai da aka ciro aka busar.

Mai Jar Z: Hajiya, tun bayan hunturu ban bari an watsa mata ruwa a ciki ba, tsumma kawai ake sawa.

Injiniya Hotoro: Duk da haka Hajiya ta nuna wurin da ya kamata a leƙa. Ga abin da za ka yi. Ka nemi ƙaramar na'urar nan ELM327 mai karanta lambobin laifi, da ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa da wayarka, ta zauna a motar. Ka je inda ta saba yi, ka sa ta yi da gangan: giya ta shida, gudu kamar 60 zuwa 70, ka taka. Da ta yi ka faka, kar ka goge komai, ka karanta har lambobin da ke jiran tabbaci, domin sau da yawa birin bokis ba ya kunna wuta ta zauna sai ya ga laifi a tafiya biyu. P0300 na nufin misin ɗin bai tsaya wa silinda ɗaya ba. P0301 zuwa P0306, lambar ƙarshe ita ce silindar. Yadda yake ganewa kuwa, yana auna juyin kiranshaf ne, duk silindar da ba ta buga ba juyin yana ɗan yin sanyi a daidai gurbinta.

Amma sau ɗaya ko biyu za ka yi, ba ka mayar da shi wasa ba. Ƙiftawar wutar cek ba ado ba ce. Ma'anarta ɗanyen fetur yana wucewa salansa yana ƙonewa a cikin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, kuma zafin yana iya narkar da ita.

Ɗan Ƙofar Ruwa: In ta narke a fasa a zubar, har kuɗi za a ba shi a kai. Motocin garin nan da yawa ba su da ita.

Maman Ilham: Shi ya sa in mutum ya tsaya a danja yake komawa gida da ciwon kai.

Mai Jar Z: Na dawo da rahoto. Na samu na'urar a Sabon Gari. Bayan la'asar na sha gosulon Kabuga, na miƙe titin Gwarzo na yi yadda Injiniya ya ce. Ta yi. Ga abin da ya fito: P0300, sai P0306 a masu jira. Bayanin lokacin da abin ya faru ya nuna juyin injin 1,500, zafin ruwa 96, gudu 68. Akwai wasu lambobi biyu na gyaran mai, ɗaya +3 ɗaya +4.

Injiniya Hotoro: Madalla. +3 da +4 lafiya ne, sai sun haura 10 ake fara zargin ƙarancin mai ko satar iska. Saboda haka a bar famfo da eyafulo, sensar da ke auna iska, su huta. Silinda ta 6 a injin nan tana ɓangaren direba, ta can baya kusa da gilashi. Ɓangaren direba 2, 4, 6 ne daga gaba, ɗaya ɓangaren 1, 3, 5. Sai an cire bututun iska kafin hannu ya kai sosai. Ka tsaya a kai da kanka. A ciro koyil na 6, kafin a taɓa filogi ka haska ramin da tocilan ka ɗauko mana hoto. Sannan a musanya koyil na 6 da na 2, filogi kowa ya zauna a gidansa. In ciwon ya bi koyil zuwa 2, mun kama ɓarawo. In ya zauna a 6, sai mu koma kan filogi, nozul da waya, ɗaya bayan ɗaya. Abu ɗaya ake motsawa a lokaci guda.

Mai Jar Z: Jama'a, ramin na 6 baƙin mai ne a kwance, ya kai rabin farar tangaran ɗin filogin. Robar koyil ɗin ta kumbura ta yi laushi kamar ɗanko. Na 4 ma akwai ɗan laima, na 2 a bushe. Da na tsare yaron garejin sai ya ce ai ranar da suka canja filogi ma sun ga man, suka goge da tsumma, ba su ga abin faɗa ba ne. Na rasa me zan ce masa. Mun tsane man, mun yi musanyar.

Baban Walid: Inna lillahi. Suka gani suka yi shiru, sannan suka sa ka sayi famfon mai?

Oga Rewaya: Kar ku ɗora wa yaro duka. Abin da ya ga ogansa yana yi shi yake yi.

Mai Jar Z: An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kwana biyu da musanyar, yau ta fi kullum fizga, kuma yanzu lambobi biyu ne: P0302 da P0306. Wani a garejin ya ce tunda ciwon yana yaɗuwa birin bokis ne ya fara ƙonewa, wai a yi odar wani daga kasuwar Ladipo ta Legas a zo a yi masa kodin da makulli. Gaskiya jikina ya yi sanyi.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Da ka sayi shidan nan da tuni an wuce wajen.

Oga Rewaya: Kar ka kuskura ka taɓa birin bokis. A sana'ar nan duk wanda ya rasa ta cewa shi yake laƙa wa laifi. Na ga mutane sun sayi biyu, ashe waya ɗaya ce ɓera ya ci.

Injiniya Hotoro: Yau ni da Oga bakinmu ɗaya. Kwantar da hankalinka, wannan sakamakon mai kyau ne. Fitowar P0302 ta tabbatar koyil ɗin nan ko robarsa ya lalace, tunda ya tafi da ciwon sabon gida. Zaman P0306 kuma ya nuna ya bar wani abu a tsohon gidan. Ciro filogi na 6, ka goge farar tangaran ɗin tas, ka duba ko akwai baƙin layi siriri a tsaye kamar an ja da fensir, wanda ko ka kankara da farce ba ya fita. Ka auna tazarar bakinsa kuma.

Mai Jar Z: Akwai! Layi biyu ma, daga sama har gindin ƙarfen. A cikin robar tsohon koyil ɗin ma akwai irinsa. Tazarar bakin ta kai 1.3, kuma tsinin ya cinye kamar ya shekara.

Injiniya Hotoro: To ga labarin yadda ya faru. Robar da ke tare bakin ramin filogi a murfin bawul ta ƙame, baƙin mai ya riƙa tsiyaya. Man ya jiƙa robar koyil ta saki jiki, wuta ta samu hanyar zilliya ta gefen tangaran. Duk sanda ta bi wajen sai ta ƙona layi, layin ya zama gawayi, gawayi kuma yana ɗaukar wuta, hanyar ta ƙara buɗewa. Da farko sai da zafi da nauyi take bi, da ka bar ta da har a sulo za ta fara. Aka sa sabon filogi a cikin tsohuwar roba mai layi, robar ta zana masa nata. Yanzu ka sa lafiyayyen koyil a kan filogi mai layi, shi ma zai zana wa robarsa. Don haka ka duba robar wanda ka kai 6 da filogin da ke 2, duk wanda ya ɗauki zane ya tafi. Filogi da roba tare ake canja su.

Sai maganar tazara. Filogin da injin nan yake zuwa da shi NGK ne mai lamba PLFR5A-11, na filatinam, tazararsa milimita 1.1. Na gaskiya ba zai buɗe zuwa 1.3 a sati shida ba. Ina kyautata zaton jabu aka sa maka, kuma faɗin baki yana ƙara wa koyil wahala. Kamfanin da kansa ya sha yin gargaɗi a kan jabun kayansa.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Nan kam ba zan yi musu ba. Kwali iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, kuɗi kashi uku. Amma ku ma masu mota kuna da laifi. In na ce ga na gaske ga kuɗinsa sai mutum ya ce an ba shi a rabin haka a layin baya. Ko kuma ya ba bakanike kuɗin na gaske, bakanike ya zo ya ce a ba shi na tsakiya. Araha ba ta ado. Ka zo da kanka, ka riƙe tsohon na asali a hannu in kana da shi, a gwada zaren da wasar gindin da tsabtar rubutun.

Mai Jar Z: To yoyon fa? Bakanike ya ce a shafa gam a bakin ramin.

Injiniya Hotoro: Gam zai riƙe wata ɗaya ko biyu, ka dawo gidan jiya. Matsalar injin nan ita ce robobin ramin a haɗe suke da murfin, murfin kuma na roba ne mai tauri, Nissan ba ta sayar da su daban. Gaskit na gefe kaɗai ba zai tsayar da shi ba. Murfin ɓangaren direba gaba ɗaya za ka canja. A ɗaure kusoshinsa a hankali bi da bi, in aka danne da ƙarfi tsagewa yake.

Oga Rewaya: Akwai masu yanke tsofaffin robobin su dasa wasu, na ga wanda ya yi kyau, na ga wanda ya fi da yoyo. Ya danganta da hannun mai aikin.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Kuma a wannan kar ka ɗauki ɗan Beljiyam, ni mai sayarwa nake gaya maka. Shi ma shekarunsa ɗaya da naka, robarsa ta ƙame. Sabo za a yi maka oda, kwana goma zuwa sati biyu. Koyil kuwa ɗan Beljiyam na asali ya fi sabon da ba a san uwarsa ba.

Baban Walid: Sati biyu! Corolla da a bakin titi za a gama wannan kafin a kira magariba.

Mai Jar Z: Alhamdulillah, ga ƙarshen rahoto. Murfi ya iso an ɗaura, filogi shida na gaske, koyil ɗaya, da roba ɗaya ta wanda ya kwana a 6, don ita ma ta fara zane. Oga Rewaya ya yi gaskiya, ƙugiyar soket na 4 a karye take, an canja kan. Kwana tara ke nan. Ranar Asabar na je Wudil na dawo da tsakar rana, na yi ta gwada ta a giya ta shida, ko gezau. Har man da take sha ya ragu. Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tsohon famfon mai na nan a but, mai so ya yi magana.

Maman Ilham: Barka. Sai dai a riƙa tunawa titin Wudil ba filin tsere ba ne, akwai masu Adaidaita da 'yan makaranta.

Injiniya Hotoro: Ma sha Allah. Bayan kilomita 1,000 ka sake haska ramukan, har na ɗaya ɓangaren, don murfin can ma sa'an wannan ne. Kuma ka leƙa lambobin da ke jira, ka gaya min ko akwai P0430, lambar da ke nuna indomin ɓangaren direba ta raunana. Wata biyu indomin ɓangaren nan tana shan ɗanyen fetur.

Mai Jar Z: Yanzu na sauka na duba. Yallaɓai, akwai shi.

Oga Rewaya: Kar ka goge, kar kuma ka bari kowa ya kusance ta da guduma. Kawo ta ranar Asabar da safe mu fara duba sensar bayan indomin da ko salansar tana yoyo.